Kyanwa Ba Ta da Tozo

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan azahar

Mushe Dado (mushe dai malam ne da Faransanci), likitan dabbobinmu na elebaj, wato ofishin kiwo na nan Tanut, shi ya ce in sayi kaye, littafin rubutu, in riƙa rubuta nauyin kyanwar gidanmu duk mako. Na ce masa ni Attahir a aji huɗu na bar lakkol, aikina injin niƙa, hannuna ya fi sabawa da buhu a kan bik na rubutu. Ya ce lamba kaɗai yake so. To ga lamba: kilo bakwai da giram ɗari biyu.

Tunda takarda ta yi saura, bari in faɗi yadda aka yi.

Da hantsi kyanwar tamu, 'Yar Tarka, ta maƙale a rariyar katanga, inda ruwan wanke-wanke ke fita. Kai da ƙafafun gaba suna waje, sauran jiki yana cikin gida. Tun tana 'yar mitsitsiya ta nan take bi, yau rariya ta ce ta gaji. Ni ina ja ta waje, Inna tana turawa ta ciki tana cewa, "Auta, a hankali, ba buhu ba ne." Sai da muka shafe ta da man gyaɗa ta sulluɓo. Mai shayin bakin titi ya bar butarsa a wuta ya zo kallo. Ya ce, "Attahir, wannan ta layya ce ko ta suna?"

Da ta fito ba ta gudu ba. Nan ta kwanta cikin laka, baki buɗe, tana haki kamar kare. Ban taɓa ganin kyanwa tana haki ba. Shi ya sa na sa ta a buhu na nufi elebaj.

Can kowa da akuyarsa ko raƙuminsa, ni da kyanwa. An sha dariya. Mushe Dado ya rataya buhun a sikelin 'yan awaki, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ya ce in shafa gefenta. "Ka ji haƙarƙari?" Na ce ban ji ba. Ya ce, "Ni ma ban ji ba. Suna ciki dai, mun yi imani."

Ya ce kilo biyar ya kamata a gani, kuma sai an yi watanni. Ba tuwo, ba fura, ba madara, ba kitse. Dafaffiyar tsoka ko kifi, cikin ƙaramin gwangwanin tumatir sau biyu, shi ne abincin yini, a raba shi huɗu. Ya ce a hankali, sau uku yana faɗa.

Ya tambaye ni wa ke ɗura mata haka. Na ce, "Gida." Ya dube ni, ya miƙo mini buhun.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da sassafe

Yayana Almustafa ne ya kawo ta, shekara uku ke nan, daga Tarka, cikin aljihun rigar aikinsa. Makaniki ne, yana bin wata babbar mota mai kai kaya arewa. Wata biyar da motar ta tashi. Wata huɗu da wayarsa ta daina shiga.

Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta faɗin sunansa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta tambayi inda yake ba, ko ya ci ko bai ci ba. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. In zancensa ya zama dole sai ta ce "wancan". Tun da wayar ta yi shiru ba ta yi tambaya ko ɗaya ba.

Amma kullum da magariba sai ta zuba tuwo a koren kwanonsa, ta sa miya, ta ɗora tsokar da ta fi kyau, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ɗakinsa. Da safe kwano fes. Ta ɗauka ta wanke.

Ma'aunin gidajen unguwar nan duk na san shi. Daga tiyar geron da mace ta kawo niƙa nake gane an yi baƙi, ko maigida ya tafi ci-rani. Namu bai ragu da ƙwaya ɗaya ba. Mutum uku ake dafa wa. Ni ina cin nawa. 'Yar Tarka tana cin na Yaya. Na Inna ma, in na lura, ita ke cinye mafi yawa, daga hannun Innar.

Jiya Inna ta ɗaga hannu tana shanya, awarwaronta da ke tsayawa a wuyan hannu ya zame har gwiwar hannu. Wannan babu sikelin da zan rataya shi.

Asabar, 19 ga Afrilu, da la'asar

Na kawo gwangwanin na nuna wa Inna. Ta juya shi, ta leƙa cikinsa.

"Wannan na ɗigon maganin ido ne?"

Na ce abincin yini ne, cikinsa biyu.

"Auta, raguna nawa na turke a gidan nan? Daga Belbeji ake zuwa neman ragona. Wanne ka ga ƙiba ta kashe?"

Na ce, "Inna, ai rago wuƙa ce ke riga ƙibar."

Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Sai mutane su ce an bar mana dabbar mutum, ta rame a hannunmu."

Dabbar mutum. A wata huɗu wannan ne mafi kusa da ta zo.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Bakwai da ɗari uku. Ta ƙaru. Ina aunawa da gwangwani, kwano yana warwarewa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Wani direba ya sauko daga arewa, ya yi magana a tasha. Na ji da kunnena. Ya faɗi launin motar su Yaya daidai, har da rubutun da ke bayanta.

Sauran ba zan rubuta ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da azahar

Yau na niƙa wa wata dawa a kan geronta, ban taɓa yin haka ba. Maigidana ya ce me ke damuna. Na ce kyanwa. Ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan Damargu ne kuwa? Raƙumi in ya shiga daji da me yake rayuwa? Da tozonsa. Kawo ta sito, ga ɓeraye nan sun ishe mu. Ka ba ta ruwa kaɗai. Kitsenta ya ciyar da ita, in yunwa ta yi mata karatu ta tuna sana'ar uwarta."

Maganar ta shige ni. Ko kuma dai na gaji da ganin kwanon nan fes kowace safiya, kamar wani ya dawo ya ci.

Na ce wa Inna aron kyanwa zan yi na kwana biyu. Na rufe ta a sito da kaskon ruwa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da safe

Kwano yana nan yadda aka ajiye shi. Inna ta buɗe faifai, ta tsaya. Ta daɗe. Sannan ta kai wa rago.

Litinin, 28 ga Afrilu, da magariba

Inna ta ce azumin Litinin take. An kira salla, ta sha ruwa, shi ke nan. Ta zuba a koren kwano.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau ma ta ce azumi. Talata.

Na je na buɗe sito. 'Yar Tarka tana bayan buhunan dusa, ta dunƙule. Ga kashin ɓera sabo dab da hancinta. Ba ta kama komai ba. Na miƙa mata kifi, ta kawar da kai, miyau yana zuba. Na ɗauke ta da gudu.

Mushe Dado ya buɗe bakinta, ya juya kunnenta ya duba ciki a hasken rana. Ya ce kwana nawa. Na ce uku. Na faɗa masa zancen raƙumi. Bai yi dariya ba.

"Attahir, ka taɓa ganin kyanwa da tozo? Raƙumi Allah Ya yi masa rumbu a baya. Ita wannan in ta daina ci, kitsen jikinta ne ke tasowa gaba ɗaya ya cushe hanta. Mai ƙiba ta fi saurin tafiya. Da ka ƙara kwana biyu, cikin kunnen nan ya yi rawaya, da sai dai ka tona rami. Sau nawa na ce maka a hankali?"

Na ce uku.

Shida da ɗari tara. Ya ce kada in yi murna, wannan ragin na sata ne. Ya yi mata allura. Ya ce yanzu a manta da ragewa tukuna, dole ta ci, ko da cikin cokali ne, sau da yawa a yini. In ba ta ci ba nan da jibi, bai san abin da zai ce mini ba.

A gida na faɗa wa Inna gaskiya. Ta karɓi kyanwar ta rungume. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma ya fi mini. Ta ce, "Ka rufe ta? Ita kaɗai? Ba wanda ya san inda take, ba wanda ya san ta ci ko ba ta ci ba?"

Ta shige ɗaki.

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Ba ta ci ba. Su biyun.

Na kira Gwaggo Tata a waya, ƙanwar marigayi Baba, wadda ta yi goyon Yaya a Belbeji har ya shekara bakwai. Kafin la'asar ta sauka a motar kasuwa da ƙullin kayanta. Tun daga zaure ta fara.

"Ina matar yayan nawa? La ilaha! Halimatu, ke ce kika koma kamar karan dawa? Kyanwa ta cinye ki da rai?"

Inna ta ce zafin bazara ne.

Gwaggo ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Ni na goye shi, ni ba ruwana da kunya. Almustafa, Almustafa, Almustafa. Ga shi na faɗa. Ki yi kuka mana, ba mai cin ki tara."

Inna ta ce, "Kukan me? Wa ya mutu?"

Gwaggo ta jawo ƙullin kayanta tana kwancewa. Ni na fita duba rago.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan azahar

Alhamdu lillahi. Bari in rubuta shi daki-daki kada in manta.

Gwaggo ta dafa kaza da romo. Muka zauna a inuwar itacen bedi. Inna tana miƙa wa 'Yar Tarka 'yar tsoka, tana kawar da kai. Gwaggo kuwa tana cin nata, ba abin da ya dame ta. Sai na lura kyanwar ba hannun Inna take kallo ba. Bakin Gwaggo take kallo. Duk lomar da Gwaggo ta kai, sai kunnuwanta su miƙe, ta ɗan ɗago, ta jira.

Sai na tuna. Haka Yaya ya koya mata tun tana ƙarama, don kada ta riƙa sa baki a kwanon mutane. Ya kai loma bakinsa, sannan ya ba ta. "Ɗaya tawa, ɗaya taki." Da ƙoshin lafiya ta daɗe da yar da wannan ladabi, amma yau da ciwo ya kwantar da ita, shi ta koma wa.

Na ce, "Inna, ki fara ci ta gani."

Ta ce ba ta jin yunwa.

Na ce, "Ba don ke ba. Haka mai ita ya saba mata."

Ta dubi tsokar kamar magani. Ta sa a baki, ta tauna, ta haɗiye. Ta ɓanɓaro wata ta miƙa. 'Yar Tarka ta shinshina, ta lasa, ta ɗauka.

Gwaggo ta kai hannu za ta yi guɗa, na girgiza mata kai. Na ƙirga a zuci. Loma takwas da takwas.

Asabar, 3 ga Mayu, da safe

Gwaggo ta gwada ba ta, ta ƙi. Ni ma ta ƙi ni, tana da dalili. Hannun Inna kaɗai. Gwaggo ta ce, "To Halimatu, kin samu aikin gwamnati. Sau huɗu a yini, ba fashi."

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Shida da ɗari tara, ba ragi ba ƙari. Mushe Dado ya duba kunne ya ce fari tas, mun tsallake. Yanzu a koma gwangwani.

A hanya na yi ta tunani. Rabin gwangwani loma nawa ne? Bai fi shida ba. In ɗaya da ɗaya za a yi, Inna loma shida za ta ci ta tashi.

Da na iso na ce mata likita ya ce kada kyanwa ta ci da sauri, sai an ja mata rai. Ke uku, ita ɗaya, kuma a yayyanka mata ƙanana. Rabin maganar tasa ce, rabin tawa. Allah Ya yafe mini nawa rabin.

Inna ta ce, "Wannan likita naku da ƙa'ida yake."

Juma'a, 9 ga Mayu, da sassafe

Saura kwano. Tunda 'Yar Tarka ta warware ta koma masa, jiya na tarar ta ture faifai. Ba zan iya ce wa Inna ta daina zubawa ba. Na ɗora dutse a kan faifan. Da na dawo daga masallaci da asuba na zauna a bakin ɗakin Yaya na cinye da kaina, da sanyinsa.

Tuwon ba ya wucewa da daɗi. Ba don sanyin ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, da la'asar

Na ɗaura gashin zabo a zare, zaren a karan gero. Na ja shi a gaban 'Yar Tarka. Ta bi shi da ido kamar hajiya tana kallon talla. Sau ɗaya ta ɗaga hannu, ta fasa. Gwaggo ta ce, "Auta, kai ne dai za ka rame."

Inna ta ce ba haka ake yi ba. Ta karɓi karan. Ba ta kaɗa shi a fili ba, ta ja gashin a hankali ya ɓuya bayan randa, ya leƙo, ya koma. 'Yar Tarka ta lafe. Gindinta ya fara rawa, duk wannan tulin. Ta yi tsalle, ta faɗi a gefe, ta tashi tana lasar hannu wai ba ita ba ce.

Ban san inda Inna ta koyi wannan ba. Wato duk shekarun nan da take amsa wa bango, tana kallon wasan Yaya da kyanwarsa ta wutsiyar ido.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Shida da ɗari takwas. Na halal.

Yanzu a kan kifaffen turmi muke ajiye mata kason safe, sai ta hau. Na rana a zaure, sai ta taka.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan magariba

Ina wanke ƙafa, Inna ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce, "Abin da kake ɓoyo tun ran Juma'ar nan, matan famfo sun riga ka."

Na kasa juyowa.

Ta ce, "An ga mota, ba a ga mutane ba. Mota ƙarfe ce. Ba a yi wa ƙarfe zaman makoki." Ta wuce ta ɗauko koren kwano.

Kwana ashirin da biyu ina ɗauke da shi ni kaɗai, ashe mu biyu ne.

Laraba, 21 ga Mayu, da azahar

Shida da ɗari takwas. Bai motsa ba. Mushe Dado ya ce akwai ɓarawo a gidan. Ya kuma dubi cikina ya ce ko in shiga buhun ni ma a gani. Gaskiya wandona ya fara matse ni.

Na dawo da wuri ban yi sallama da ƙarfi ba. Na tarar da Gwaggo a bayan rumbu, ta tsuguna, ga murfin kwano cike da madara, ga 'Yar Tarka ta dulmiya gemu.

"Gwaggo!"

"To me? Kallona take yi! Kai ka iya cin fura ana kallonka da irin idon nan?"

Inna ce ta fito ta ɗauke murfin. Ta ce, "Tata, a gidan nan da gwangwani ake aiki." Gwaggo ta riƙe haɓa ta dube ni. Ni na dubi sama.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

Gwaggo ta koma Belbeji, awakinta ba mai kula. Gidan ya yi faɗi.

Na san 'Yar Tarka yanzu ko ba a ci a gabanta ba za ta ci, jiya na ga ta lamushe fara biyu a gindin bedi ba ta jira kowa ba. Ban faɗa ba. Ina jin Inna ma ta gani. Ita ma ba ta faɗa ba. Uku da ɗaya, suna nan suna yi.

Talata, 27 ga Mayu, da dare



Gwaggo ta kira. Akwai wani mutumin Belbeji da ɗansa ke cikin motar nan. Shekaranjiya wata baƙuwar lamba ta kira shi. Muryar ɗan ce. Ya ce, "Baba, muna nan, ku yi ta addu'a," waya ta yanke. Ba su sake samu ba.

Muna nan. Su wa da wa? Bai faɗa ba.

Na rasa yadda zan gaya wa Inna, ba a tarar ta da zancen ɗan fari kai tsaye. Tana tankaɗe a tsakar gida. Na ɗauki 'Yar Tarka na ɗora a cinya, na ce da ƙarfi, "Ke 'Yar Tarka, kin ji an yi waya Belbeji? Ɗaya daga cikin mutanen motar maigidanki ya yi magana. Ya ce suna nan."

Rariyar tankaɗe ta tsaya a hannun Inna. Na ƙirga numfashina, bakwai. Ta ci gaba.

Da magariba ta cinye tuwonta tas. Kyanwar tana zaure, ba ta ma kira ta ba.

Laraba, 28 ga Mayu, da hantsi

Shida da rabi. Na shafa gefenta, can ƙasa na ji wani abu kamar haƙoran mataji cikin tsumma. Mushe Dado ya ce, "Ka ga? Na ce maka suna ciki."

Asabar, 31 ga Mayu, da yamma

Na karɓi lambar nan daga Gwaggo. Na kira sau talatin da ɗaya. Ba ta shiga.

Inna loma huɗu yau. Ban matsa ba. Ba kullum ake hawa ba.

Laraba, 4 ga Yuni, da azahar

Shida da ɗari uku. Mushe Dado ya ce salla ce abin tsoro. Duk gida nama, duk hannu mai tausayi. Ya ce in na kawo masa ita da bakwai bayan layya, ni zai yi wa allura.

Da na sauke ta a ƙofar gida ba ta bi zaure ba. Ta nufi rariya. Ta sa kai, ta tsaya tana shawara, ta matsa, ta yi ɗan nishi, sai ga wutsiya ta shige. Mai shayi ya ce, "Kash, an ɓata mana layya."

Asabar, 7 ga Yuni, ranar salla, da yamma

Mun yanka ragon. Yaya ne ya saye shi ɗan ƙarami kafin ya tafi, ya ce shi zai riƙe ƙafa ran yanka. Ni na riƙe.

An gicciye shi a sanda, an jera da na maƙwabta a bakin wuta tun hantsi. Duk unguwa ƙamshi. Inna ta ɗaure 'Yar Tarka a ɗakinta da ƙyalle, tana shiga tana fita da rabin gwangwani. Wata maƙwabciya ta miƙo kitse ta taga, Inna ta ce, "A'a, tana da likita."

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan magariba

Yau rabo. Inna ta kasa na maƙwabta, na Gwaggo, na Mushe Dado ma ta ce a kai masa. Ta ware cinya guda ba ta ce ta wa ba. Ta yayyanka ƙanana, ta soya cikin kitsen ragon har ya yi ƙarau, irin suyar da ke shekara ba ta lalace ba. Ta wanke babban gwangwanin madara, ta shanya, ta cika shi, ta tsiyaya kitse a kai, ta danne murfi, ta ɗaure da tsumma. Ta sa ni na ɗora shi a kan kanta a ɗakin Yaya, can sama, inda ni ma sai na yi ɗage.

An kira magariba. Na zauna ina jiran ƙarar koren kwano.

Ta ɗauko shi. Ta wanke, ko da yake wankakke ne. Ta shiga ɗakin Yaya ta kife shi a kan tabarmarsa. Ta fito ta ce, "Tuwo ba ya jira. Wancan na sama yana jira."

Litinin, 9 ga Yuni, da hantsi

Da safe aka nemi 'Yar Tarka aka rasa. Ba ta gindin randa, ba ta zaure. Sai na ji Inna daga ɗakin Yaya tana wani sauti da na daɗe ban ji ba, har na ɗauka kuka ne. Na shiga da gudu.

Dariya take, ta dafa bango.

Kyanwar tana can saman kanta, ta zauna kusa da gwangwani, ta naɗe wutsiya, tana shinshinar tsumman. Daga akwati ta hau taga, daga taga ta haye. Wadda wata biyu da suka wuce sai an ɗora ta a kan tabarma.

Inna ta share ido da gefen mayafi. Ta ɗaga hannu tana nuna ta, awarwaro ya zame, ya tsaya a tsakiyar hannu, bai kai gwiwa ba. Ta ce, "Sauko, marar kunya. Wannan ba naki ba ne. Mai shi zai buɗe da hannunsa."

Na mayar da gwangwanin cikin tukunyar ƙarfe na ɗora dutse.

Saura kilo ɗaya da wani abu kafin biyar. Mushe Dado ya ce sai kaka, in mun yi haƙuri. Muna da shi.

Da zan fita aiki Inna ta miƙo mini ƙwaryar gero. Tun kafin in duba hannuna ya gaya mini ta ragu. Na mutum biyu ne, cif.

Ta ce, "In an yi baƙo a ƙara."

Almustafa, kyanwarka tana hawa kanta. Ka zo ka gani.